Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabanni da malaman sakandare: tagwayen da ke ajinku mutum biyu ne

Zuwa ga shugabannin makarantun sakandare, na kwana da na jeka-ka-dawo, da malaman aji, da malaman ba da shawara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an shiga zangon karatu lafiya. Allah ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yan mutane.

Sunana Husaini, don haka kun riga kun san sunan yayana. Minti ashirin ya ba ni a duniya, in ji mahaifiyarmu, kuma har yau da furfura ta fara fito mana bai daina tuna mini da mintocin nan ba. Kamarmu ɗaya sak, irin kamar da har ƙannen mahaifinmu sai mun yi magana suke gane wa ke gabansu. Na ɗauki alƙalami ne saboda 'yan biyun ƙanwata, mata, sun shiga aji uku na ƙaramar sakandare bana. Ranar da na raka ta karɓar sakamakon jarrabawarsu, malamar ajinsu ta miƙo takardu biyu a manne, ta ce, "Tagwayenki sun yi ƙoƙari, sai dai ɗayar ta ɗan ja su baya." Ƙanwata ta yi godiya. Ni kuwa sai na ji kamar an mayar da ni kan bencin da na bari kusan shekara talatin da suka wuce, domin a zamaninmu ni ne "ɗayan".

Ku fara da rajistar makarantarku. Wani bincike da Christiaan Monden na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ya nuna cewa a cikin kowane yara 42 da ake haifa a duniya, ɗaya ɗan tagwaye ne, kuma Afirka ce kan gaba. Ko da wannan lissafin na duniya kaɗai muka riƙe, makarantar da ke da ɗalibai dubu za ta iya samun yara sama da ashirin da aka haifa su biyu. A nan ƙasar akwai garin Igbo-Ora a jihar Oyo, wanda yawan tagwayensa ya sa har biki ake yi musu duk shekara. Mu a Arewa ba mu da biki, amma babu unguwar da za ka shiga ka kira Gambo ba a amsa ba, kuma kowane Gambo akwai mutum biyu a gabansa. Yara ne masu yawa, amma a tsawon karatuna da na 'ya'yana ban taɓa jin an zauna taron iyaye da malamai an ambaci lamarinsu ba.

Na san ba daga makaranta abin ya faro ba. Tun daga zanen goyo muka zo da shi. A gidanmu ba a taɓa ɗinka wa ɗayanmu riga shi kaɗai ba. Yadi ɗaya, tela ɗaya, hula iri ɗaya, har takalmin Sallah. Kakarmu ta yi imani cewa in aka ba ɗaya abu aka hana ɗaya, to za a ga ba daidai ba a gidan. Yaran unguwa kuwa tsoronmu suke ji, wai in aka ɓata mana rai za mu tura wa mutum kunama. Ba mu taɓa tura wa kowa ko kiyashi ba, amma ba zan ɓoye muku ba, mun ci ƙosai da gyaɗa da yawa albarkacin wannan tsoro. Muna ƙanana duk wannan daɗi ne. Ba ka taɓa kwana kai kaɗai ba, ba ka taɓa shiga baƙon wuri kai kaɗai ba, kuma duk wanda zai tsokane ka ya san mutum biyu zai tarar.

Da balaga ta zo sai rigar ta fara matsewa. Kun fi ni sanin wannan shekarun, daga sha biyu zuwa sha takwas, lokacin da yaro ke fara rufe ƙofa, ya fara musu da iyayensa, ya tsaya gaban madubi yana neman sanin shi wane ne. Yaron da aka haifa shi kaɗai, iyayensa ne kawai zai ɗan ja jiki daga gare su. Ɗan tagwaye aiki biyu ne a gabansa, domin bayan iyaye akwai wani mutum da ya fi iyayen kusa, wanda suka kwanta ciki ɗaya, kuma in ya duba madubin ma fuskar wancan zai gani. Kuma duk taku ɗaya da ya yi don ya tsaya da ƙafarsa, zuciyarsa na ce masa cin amana yake yi. Ina aji biyu na fara sha'awar zama da wasu yara masu karance-karancen littattafan Hausa da sauraron tarihi a rediyo. In na dawo ɗakin kwana na tarar da Hassan shi kaɗai a bakin gado, sai in ji kamar wanda ya yi sata. Bai taɓa ce mini komai ba. Ni ma ban taɓa ce masa komai ba.

A wannan lokacin ne muka fi bukatar wani babba ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, kuma a lokacin ne makaranta ta ƙara ɗaure mu wuri guda. Ba da mugunta ba, na yarda. Malamin da ke da yara tamanin a aji ba shi da lokacin tsayawa ya gane cewa ni ne mai ɗan tabo a gefen gira. Sai ya ce "Hassan-Husaini", a numfashi ɗaya, duk wanda ya waiga shi ne. Wani kuma "Tagwaye" kawai yake cewa. Shekara shida na yi a makarantar kwana, kuma malaman da suka san ni da sunana, ba tare da sun tambaya "wanne ne kai?" ba, ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Wata rana Hassan ya tsallake katanga ya tafi kallon ƙwallo a gari. Firifet ya gan shi daga nesa. Washegari a wurin taron safe aka kira mu mu biyu, malamin horo ya ce tunda ba a san wanda ya fita ba, kuma ba za mu faɗa ba, a yi wa kowa bulala shida. Ɗalibai suka yi ta dariya, malamai ma suka murmusa, abin ya zama labarin nishaɗi na mako guda. A wannan makon ne malamin addini yake koya mana ayar da ke cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, ayar da ta zo a wurare da dama a Alƙur'ani, har da Suratul An'am da Isra'i da Faɗir. Na zauna a ajin nan a karkace saboda zafin bulala, ina ta mamakin yadda ayar ta tsallake ni. Abin da na koya ranar shi ne, a wajen hukumar makarantar nan, ni da shi asusu ɗaya ne. To in laifi ɗaya ne, ai lada ma ɗaya ne. Bayan wata biyu Hassan ya shiga ya rubuta mini gwajin lissafi, na samu maki mai kyau, kuma ko kaɗan ban ji na yi wani abu ba daidai ba. Ban faɗi wannan don alfahari ba. Yau da JAMB ke ɗaukar hoton yatsa kafin a shiga ɗakin jarrabawa, wannan dabara ba ta ci, domin ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya zanen yatsunsu daban ne. Na kan yi dariya in na tuna cewa na'ura ta riga malamanmu gane mu.

Amma babbar ɓarnar a ƙarshen aji uku aka yi ta, kuma ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. Da aka zo raba ɗalibai zuwa ɓangaren kimiyya da na adabi da na kasuwanci, makin Hassan ya kai shi kimiyya babu gardama. Nawa bai kai ba, kuma ban so ya kai ba. Tarihi nake so, da Hausa, da sanin harkokin mulki. Mahaifinmu ya zo makaranta, suka zauna da shugaban makaranta a ofis, mu muna tsaye a waje. Da suka fito, shugaban ya dafa kafaɗata ya ce, "An yi maka alfarma, ba za mu raba ku ba." Mahaifina ya yi ta godiya. Babu wanda ya tambaye ni. Da ma an tambaye ni a gaban Hassan da Baba, "to" zan ce, domin yaro ɗan shekara sha biyar ba zai buɗe baki a gaban mahaifinsa ya ce yana so a raba shi da ɗan'uwansa ba.

Shekara uku na yi ina zaune kusa da mutumin da ke da fuskata, yana gane abin da ni ba na ganewa. In an raba takardun gwaji, malami ya kan ɗaga biyu sama ya ce, "Ciki ɗaya, nono ɗaya, kwano ɗaya, amma ku duba." Da wani ɗalibi ne ya fi ni, da na ce Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa. Amma wanda kowa ke cewa ni da shi ɗan juma ne da ɗan jummai, in ya ci na faɗi, me ya rage in ce? Sai dai lalaci ko rashin zuciya, kuma haka aka yi ta faɗa mini har na yarda. Na faɗi darussan kimiyya a WAEC. Hassan ya wuce jami'a. Na zauna gida shekara biyu, na sake rubuta jarrabawa daga waje da darussan da tun farko nake so, na ci, na karanta tarihi. A shekaru biyun nan gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi. Mutanen da aka ƙi rabawa da aji don kada zumunci ya lalace, sai ga shi ba sa iya cin tuwo a kwano ɗaya. Sai da muka yi aure, kowa ya kama sana'arsa a garinsa, sannan muka dawo muna neman juna. Ranar da muka fara maganar a fili, ya ce mini shi ma shekara uku ya yi yana jin kunyar cin jarrabawa, har wani lokaci da gangan yake barin tambaya ɗaya ba amsa don tazarar ta ragu. Ban taɓa sani ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to magani ya samu, daga yau duk tagwayen da suka shigo a watsa su aji daban-daban. Wannan ma na ga ɓarnarsa. 'Ya'yan wani maƙwabcina, mata, ranar farko da aka kai su makarantar kwana aka raba musu aji da ɗakin kwana, wai dokar makaranta ce, don su koyi dogaro da kai. Yaran da ba su taɓa kwana ɗaki daban ba, a dare ɗaya aka raba su da uwa, da gida, da juna. Ƙaramar ta daina cin abinci, kafin tsakiyar zango sai da aka je aka ɗauko ta. Hanta da jini ba a raba su da wuƙa. Masu bincike ma ba su ba kowane ɓangare gaskiya gaba ɗaya ba. Wani nazari da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2004, ya gano cewa tagwayen da aka raba wa aji tun suna shekara biyar sun fi nuna alamun damuwa da tsoro, musamman masu kama ɗaya. Wani kuma da ya fito a 2018, wanda ya bi dubban tagwaye a Birtaniya da Kanada daga shekara 7 zuwa 16, bai ga wani bambancin a-zo-a-gani a sakamakon karatu ba tsakanin waɗanda aka raba da waɗanda aka bari tare. A Amurka, jihar Minnesota ta kafa doka a 2005 da ta ba iyaye damar zaɓar a haɗa 'ya'yansu aji ɗaya ko a raba, wasu jihohi suka bi sahu. Ni ko a nan ina da ja, domin a labarina mahaifina ne ya zaɓa, kuma da kyakkyawar niyya ya zaɓa. Yaro ɗan firamare, iyaye su yanke masa. Wanda ya kai sha huɗu ko sha biyar kuwa, yana da bakin magana.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi. Kafin a cike takardar zaɓen ɓangare, malamin ba da shawara, ko malamin aji in babu shi, ya kira kowannensu shi kaɗai. Ba tare ba, ba kuma a gaban iyaye ba. Ku lura, kusan kowane tagwaye akwai wanda ya zama bakinsu. Masanin halayyar ɗan'adam na Faransa, René Zazzo, wanda ya shafe shekaru yana nazarin tagwaye, ya nuna cewa zaman tare da kansa yana sa su raba aiki a tsakaninsu, wannan ya riƙe wani hali, wancan ya riƙe kishiyarsa. Mu Hassan ne mai magana da baƙi, ni ne mai riƙe kuɗi da makullin akwati. In ka tambaye mu tare, amsar Hassan za ka ji sau biyu. Sai an ware mai shirun, an yi haƙuri da shirunsa na ɗan lokaci, sannan za a ji abin da ke cikinsa. Wataƙila ya ce yana son zama da ɗan'uwansa, kuma in haka ne a bar su, babu laifi a ciki. Wataƙila kuma ya ce aji ɗaya amma ba benci ɗaya ba, ko ɗakin kwana ɗaya amma aji daban. A sake tambaya bayan shekara, domin abin da ya dace da su a ajin farko ba lalle ya dace da su a aji huɗu ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ku koyi sunayensu, akwai alama a jikin kowa in an duba. Ku ba iyaye sakamakon kowanne daban, ku yi bayanin kowanne daban, ko da hakan zai ƙara minti biyar. In za ku auna yaro, ku auna shi da abin da ya yi a zangon baya. Kada a aiki ɗaya ya kai wa ɗaya saƙon faɗa, kada kuma a tambaye shi ina ɗan'uwansa ya shiga kamar shi ne makiyayinsa.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su, wato tagwayen da ba su yi kama ba, alhali su ne suka fi yawa a ƙasashenmu. Masu kama ɗaya kusan adadinsu ɗaya ne ko'ina a duniya, wajen haihuwa huɗu cikin dubu. Yawan tagwayen da Afirka ta Yamma ta yi suna da shi, na ƙwai biyu ne, waɗanda ta fuskar gadon halitta ba su fi wa da ƙani kusanci ba. Ɗaya zai iya yin tsawo ya bar ɗaya, muryar ɗaya ta buɗe shekara guda kafin ta ɗaya, kuma duk makaranta na kallo tana lissafi. In mace da namiji ne abin ya fi fitowa fili, domin 'ya mace kan riga namiji balaga. Sai ka ga Husaina ta zama budurwa, Hassan yana nan yaro, ana yi masa dariya wai ƙanwarsa ta zama yayarsa. Ko kuma a gida a ce ita ta isa haka, shi ya ci gaba, alhali tare suka fara kuma wataƙila ita ce mai ƙoƙarin. Mata biyu kuwa, da zarar wani ya fito neman ɗaya, sai hankalin dangi ya koma kan ɗayar, a fara neman wanda za a haɗa ta da shi don a sha biki rana ɗaya, a yi anko, a ɗauki hoto. Na san wannan ya wuce hurumin makaranta, amma sau da yawa malama ce ta farko da za ta ga yarinya ta yi sanyi, kuma iyaye na jin maganar malamai fiye da yadda kuke zato.

Na san wani zai ce addini ya umarce mu da daidaita 'ya'ya. Gaskiya ne. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir yana cikin Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yin shaida a kan kyautar da uba ya ware wa ɗa guda, ya yi umarni da a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Amma uban da ya saya wa 'ya'yansa biyu takalmi lamba ɗaya alhali ƙafarsu ba ɗaya ba, ɗaya zai yi tafiya, ɗaya zai yi ɗingishi. Ni ne na yi ɗingishin, shekara uku. Su kansu masu sunan da ake raɗa mana, jikokin Annabi, Allah ya ƙara musu yarda, ba tagwaye ba ne. An haifi Sayyidina Hassan a shekara ta 3 bayan hijira, Sayyidina Husaini a ta 4. Gida ɗaya, tarbiyya ɗaya, amma kowa da tafarkin da rayuwarsa ta bi: Hassan ya sauka daga halifanci a shekara ta 41 don a samu sulhu tsakanin Musulmi, Husaini ya yi shahada a Karbala a shekara ta 61. Ba mu taɓa jin wani malami ya ɗaga su sama ya ce "ciki ɗaya, amma ku duba" ba. Kowannensu da sunansa ake ambatonsa, da darajarsa.

'Yan biyun ƙanwata za su rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a ƙarshen wannan shekarar karatu. Babbar likita take so ta zama, duk dangi sun sani, domin ita ce mai baki. Makon jiya na aiki babbar kanti da gangan, na zauna da ƙaramar a tsakar gida tana tsince shinkafa. Sai da muka yi kusan rabin awa muna zancen duniya kafin ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani littafin rubutu daga ƙarƙashin katifa. Cike yake da zanen riguna da lissafin yadi da kuɗin ɗinki, shafi bayan shafi. Ta ce, "Kawu, don Allah kada ka faɗa wa Hassana, za ta ga kamar gudunta nake yi." Na yi mata alkawari ba zan faɗa wa 'yar'uwarta ba, amma na ce zan je in ga malamarsu kafin a raba takardun zaɓen ɓangare, ta ce to. Ranar Litinin zan je. Ina roƙon duk wanda irin wannan baƙo ya zo ofishinsa a cikinku, ya ba shi kujera, ya kuma aika a kira yarinyar ita kaɗai.

Wassalam.

Naku,
Husainin wani Hassan